Yadda Ake Koya wa Yara Karatun Hausa daga Aji Ɗaya zuwa Aji Uku na Firamare

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji ɗaya ko aji biyu da hantsi ya san amon da ke fitowa daga ciki: malami yana nuna rubutun allo da sanda yana faɗa, yara kuma suna amsawa baki ɗaya da iyakar ƙarfinsu. Wanda ya ji daga waje zai ɗauka karatu ya zauna. Amma idan aka kira yaro guda, aka rubuta masa kalmar da bai taɓa gani ba, ko kuma aka sauya wa kalmomin da ke kan allo wuri, sau da yawa sai ya yi shiru yana kallon bakin malami, domin abin da ya riƙe shi ne sautin da jerinsa, haruffan kuwa har yanzu zane ne kawai a idonsa. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni da ke duba yawan yaran da suka kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba, kuma rahoton da ya biyo baya a 2022 ya nuna cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma suna cikin wannan hali, alhali da yawansu kullum suna zuwa makaranta. Saboda haka aikin farko na malamin ƙananan azuzuwa shi ne ya raba hadda da karatu, kuma ba zai iya raba su ba sai yana sauraron kowane yaro shi kaɗai.

Kafin a shiga aji, a fara da rubuta burin da ake so a cim ma, kuma a rubuta shi da sigar abin da yaro zai iya yi da kansa ba tare da an ɗora masa a baki ba. Cewa za a gama littafi kafin ƙarshen zango buri ne na malami, bai faɗi komai a kan yaro ba. A ganina, zuwa ƙarshen aji ɗaya ya kamata yaro ya furta sautin kowane harafin Hausa, babba da ƙarami, ko da an hargitsa jerinsu, ya haɗa baƙi da wasali ya fitar da gaɓa, ya karanta kalmomi masu gaɓa biyu ko uku waɗanda bai taɓa cin karo da su ba, sannan ya rubuta sunansa da 'yan kalmomin da aka yi masa shifta. Zuwa ƙarshen aji biyu, ya karanta labari mai jimla takwas ko goma a bayyane, yana tsayawa inda aka sa aya, ya kuma amsa tambayoyi a kan abin da ya karanta. A aji uku kuwa ana so ya karanta shafi guda a zuci, ya maimaita labarin da kalmominsa, ya rubuta sakin layi ɗaya mai ma'ana. Masana da dama suna ambaton kalma 45 zuwa 60 a minti ɗaya a matsayin saurin da mai karatu ke bukata kafin fahimta ta samu, kuma dalilin a fili yake: ƙwaƙwalwa tana riƙe abin da ido ya ɗauko na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, don haka yaron da ke ɓata lokaci mai tsawo a kan kowace kalma yakan manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta.

A shekarar 2000 wani kwamitin masana da aka kafa bisa umarnin Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto a kan koyar da karatu, inda ya ware abubuwa biyar: jin sautukan da ke cikin magana, danganta sauti da harafi, karatu ba gargada, sanin kalmomi da yawa, da fahimtar abin da aka karanta. A kan Turanci aka yi wannan bincike, harshen da rubutunsa ya sha bamban da furucinsa. Malamin Hausa yana da sauƙin da takwaransa na Turanci ba shi da shi, domin a rubutun boko kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, wasulanmu biyar ne, gaɓoɓinmu kuma ba su da sarƙaƙiya. Yaron da ya gane yadda ake haɗa baƙi da wasali ya kama hanyar karanta kusan kowace kalmar Hausa.

Da kunne ake farawa. A makonnin farko, minti biyar a kowace rana sun isa a yi wasan tafa gaɓoɓi da sunayen yaran ajin: Mu-sa tafi biyu, A-mi-na tafi uku, Ab-dul-la-hi tafi huɗu. Daga nan a tambaye su sautin da suke ji a farkon kalma, a ce wa zai kawo wata kalma da ta fara kamar "masara", su kawo "mangwaro", "madara", "Maryam". Zantukan karya harshe da yara suka riga suka sani, irin su "da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto", suna da amfani sosai a nan, domin suna sa kunne ya lura da sautin da ke maimaituwa.

Idan aka zo kan haruffa, akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Yara da yawa suna shigowa aji ɗaya da waƙar haruffan Turanci a bakinsu, wasu malamai kuma da ita suke fara koyar da Hausa. Yaron da aka koya wa cewa sunan "a" shi ne "e", sunan "e" shi ne "i", sunan "i" kuma "ai", idan aka rubuta masa "ba" zai ce "bi, e", kuma babu yadda za a yi waɗannan biyun su haɗu su ba shi "ba". Haka nan wanda ya san "c" da sunan "si" zai karanta "ci" ya ce "si", ya karanta "cokali" ya ce "sokali". A darasin Hausa, sautin harafi za a koyar. A nuna "m" a rufe leɓe a ja sautin, a nuna "s" a ja shi, a nuna "a" a buɗe baki a faɗe shi yadda yake a cikin "ado". Sunayen haruffan Turanci su jira darasin Turanci, kuma a gaya wa yara a fili cewa harsuna biyu ne, kowanne da yadda yake kiran haruffansa.

Ba dole ba ne a bi jerin abacada daga farko zuwa ƙarshe. Ya fi kyau a fara da haruffan da suka fi yawan fitowa a kalmomi, domin yaro ya ɗanɗani karatu na gaske tun a makonnin farko. Da "a", "m", "n", "k" kaɗai ana samun mama, nama, kaka, kama, mana, kana. Idan aka ƙara "i", sai ga "Ina Mama?" da amsarta, "Mama na nan." Wannan ƙaramar jimla, idan yaro ya haɗa ta da kansa, ta fi masa amfani a kan haddar shafi guda. Harafi biyu ko uku a mako sun wadatar, kuma a kowace rana a maimaita na baya kafin a kawo sabo. A raba "b" da "d" da tazarar makonni, domin yara suna rikita su, kuma kada a kawo "ɓ" ko "ɗ" sai waɗancan sun zauna daram.

Wurin haɗa baƙi da wasali, malami ya rubuta "m" a gefe guda, "a" a ɗaya gefen, ya sa yatsa a ƙarƙashin na farko yana jan sautin, ya zame da yatsan zuwa na biyu ba tare da ya yanke numfashi ba, har su haɗu su zama "ma". Daga nan sai ma, me, mi, mo, mu. To, a nan ne hadda take sake kutsowa, domin wannan jeri yana da daɗin rerawa, kuma cikin kwana biyu yara za su riƙe shi ko da idonsu a rufe. Maganin abin shi ne a riƙa nuna gaɓoɓin a hargitse, yau a fara da "mo", gobe da "mi", a kuma cakuɗa su da na wasu baƙaƙe. Yaran da ke zuwa makarantar allo sun riga sun san wannan dabara ta wata fuska, tunda sun bi ta babbaƙu kafin farfaru, wato sun san baƙi shi kaɗai sannan sun ga yadda wasali ke ba shi murya. Malami ya yi amfani da wannan sani, ya ce musu aikin ɗaya ne, sai dai a boko wasalin yana zama a gefen baƙi, kuma ana farawa daga hagu. Wannan batu na hagu da dama yana bukatar a nanata shi, domin ana samun yaran da ke karanta "kama" daga ƙarshe, ko su fara rubutu daga bayan littafi.

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ, da kuma 'y wanda a Nijar ake rubuta shi ƴ, a koyar da su a matsayin haruffa masu zaman kansu, kowanne da ranarsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera kalmomi biyu da ƙugiya kaɗai ta raba su: taba da taɓa, gada da gaɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi. Yaro yana jin bambancin a bakinsa tun kafin ya zo makaranta, abin da ya rage shi ne idonsa ya ga inda bambancin yake a rubuce. Malamin da ke sakaci da ƙugiya a rubutunsa na allo shi ne ke koya wa yara yin sakaci da ita. Bayan su sai baƙaƙen da ake rubutawa da harafi biyu, irin su sh, ts, ky, gy, kw, gw, ƙw, waɗanda za a nuna wa yara cewa sauti ɗaya suke bayarwa, sai kuma tagwayen wasula "ai" da "au" kamar a cikin "laima" da "ƙauye".

Gaɓar da ta ƙare da baƙi ita ce tudun da yara da yawa ke tsayawa a kansa. Wanda ya saba da ba, ka, ma, idan ya ga "kasko" yakan ce "kasako", idan ya ga "ganga" ya ce "ganaga". A koma ga tafi: kas-ko, gan-ga, tan-ta-ba-ra, a rubuta kowace gaɓa a kan katinta, yaro ya jera su da hannunsa. Haka za a yi da baƙi mai nanatuwa, a nuna masa cewa "babba" bab-ba ne, ba "baba" ba, "hannu" kuma han-nu ne.

Akwai abu ɗaya da rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nunawa, shi ne tsawon wasali da karin sauti. Kalmar "fara" rubutunta ɗaya ne a cikin "ya fara aiki", da "fara ta cinye gero", da "riga fara", haka ma "gari" a cikin "ya shiga gari" da "ta tankaɗe gari". Ma'anar jimla ce kaɗai ke gaya wa mai karatu yadda zai furta. Wannan ya sa bai kamata a daɗe ana karanta kalmomi a ware ba. Da zarar yaro ya iya haɗa gaɓoɓi, a sa kalmomin cikin jimla, kuma idan ya furta wata ba daidai ba, maimakon a gyara masa nan take, a ce ya sake karanta jimlar daga farko ya ji ko maganar ta yi ma'ana.

Tsarin darasi na kowace rana ba ya bukatar ƙawa. Malami ya fara yin abin a gaban yara suna kallo, sannan su yi tare da shi, sannan su yi su kaɗai, bibbiyu ko ɗaiɗai, shi kuma yana zagayawa yana saurare. Wannan kashi na uku shi ne aka fi tsallakewa, kuma a cikinsa ne koyo yake. Idan darasin na minti 40 ne, a ƙalla minti 15 su tafi a kan yara suna karatu da idonsu da yatsansu a kan rubutu. Kowane darasi kuma ya ƙare da ɗan rubutu, ko da shiftar gaɓa uku da kalma biyu ce, domin yaron da ya ji "tuwo" ya rarraba sautukanta ya rubuta, ya yi aikin karatu ne ta ɗaya ɓangaren. Inda babu littafin rubutu, a fita waje a rubuta da tsinke a ƙasa. Katunan haruffa kuwa ana yanka su daga kwalin sabulu ko na taliya, murafun kwalba ma suna ɗaukar harafi ɗaiɗai. A jihohin Bauchi da Sakkwato an samar da littattafan shirin Mu Karanta da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, a Katsina da Zamfara kuma an gudanar da shirin RANA tare da UNICEF, duka don koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa, saboda haka yana da kyau malami ya tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa, ko ma ya duba sito na makarantarsa, kafin ya yanke cewa babu kayan aiki.

Yayin da ake gina wannan, kada a bar fahimta ta jira. Tun daga ranar farko malami ya riƙa karanta wa yara labari a bayyane, sau biyu ko uku a mako, da murya mai rai, yana tsayawa ya tambaye su abin da suke tsammani zai faru. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sun dace, domin yara sun san salonsu, kuma idan suka ga "Ga ta nan, ga ta nanku" a rubuce sukan gane cewa rubutu magana ce da aka ajiye a takarda. Tambayoyin su zama iri biyu: waɗanda amsarsu ke cikin labarin ƙarara, kamar wa ya je rafi, da waɗanda sai an yi tunani, kamar me ya sa Gizo ya ƙi gaya wa matarsa gaskiya. A kowane labari a zaɓi kalma biyu ko uku da yaran birni ko na ƙauye ba lalle su sani ba, irin su "rumbu" ko "fatake", a bayyana su, a sa yara su yi jimla da su. A aji biyu da uku kuma a bar yaro ya karanta labari ɗaya sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban, wani lokaci ga abokin zamansa, domin maimaitawa ce ke kawar da gargada. Abin lura kawai shi ne a riƙa sauya labarin kafin ya koma hadda.

Yanzu sai batun aunawa, wanda shi ne ke nuna ko duk wannan aiki yana shiga. Malami ya tanadi takarda ɗaya mai ɗauke da haruffa a hargitse, da 'yan kalmomin da ba su da ma'ana amma suna bin tsarin Hausa, irin su "zoki" ko "mibo", waɗanda ba a iya haddace su, da kuma gajeren labari mai kalma 50 ko 60 wanda ba a taɓa karantawa a aji ba. Ya kira yaro gefe, ya kwantar masa da hankali cewa wannan ba jarrabawa ba ce, ya saita minti ɗaya a wayarsa, ya bar shi ya karanta. A tasa takardar malami yana sa alama a kan kalmar da aka kuskure. Idan yaro ya tsaya a kan kalma kamar daƙiƙa uku, a ce masa ya wuce gaba, idan kuma ya kasa ko ɗaya a layin farko, a tsayar da gwajin cikin lumana a gode masa. Bayan minti ɗaya a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a yi masa tambaya uku ko huɗu a kan labarin, a rubuta sakamakon a gaban sunansa. Ajin da ke da yara 100 ma ana iya gamawa da shi cikin mako huɗu idan ana sauraron biyar a kowace rana. Bulala ba ta da wuri a nan ko kaɗan, domin yaron da ke tsoron duka yakan zaɓi yin shiru a kan ya gwada ya kuskure, kuma wanda ba ya gwadawa ba zai koya ba.

Sakamakon zai nuna cewa aji ɗaya ya ƙunshi matakai da yawa: waɗanda ba su san harafi ba, masu haruffa, masu kalmomi, da masu karanta labari. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da tsarin raba yara bisa matakin da suke a kai maimakon shekarunsu ko ajinsu, na wani ɗan lokaci a kowace rana, kuma an gwada tsarin a Borno da Kano. Malami shi kaɗai ma zai iya yin irinsa a cikin ajinsa: masu karanta labari su zauna bibbiyu da littafi, masu kalmomi su yi aikin jera katunan gaɓoɓi, shi kuma ya zauna da waɗanda ke baya, domin su ne suka fi bukatarsa. Idan yaro ya shafe zango guda bai motsa ba, a duba ko yana gani da kyau daga inda yake zaune, ko yana fama da ciwon kunne, ko yana yawan fashi, ko kuma a gida Fulatanci ko Barbarci ake yi, wanda hakan ke nufin yana bukatar ƙarin hira da Hausa kafin rubutu ya yi masa ma'ana.

Iyaye suna da rawar da za su taka ko da ba su yi boko ba. Uwa za ta iya cewa ɗanta ya karanta mata abin da aka yi yau, ta saurara, ta tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa, kuma minti goma bayan sallar magariba sun isa. Yaya ko yayar da ke aji biyar za su iya duba ko abin da yake faɗa shi ne a rubuce. Iyaye da yawa suna damuwa cewa karatun Hausa zai jinkirta wa 'ya'yansu Turanci, kuma damuwar tana bukatar amsa ta gaskiya daga malami. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su koma baya a Turanci ba. Yaro sau ɗaya yake gane cewa haruffa suna ɗauke da sauti, kuma ya fi saurin gane hakan a harshen da yake tunani da shi. Abin da ya dace shi ne a riƙa yin Turancin baka tun daga aji ɗaya, gaisuwa da waƙoƙi da sunayen abubuwa, sannan idan karatun Hausa ya kama, a shigo da rubutun Turanci ana nuna haruffan da sautinsu ya zo ɗaya, kamar m, n, b, d, da waɗanda suka saɓa, kamar c da wasula, da kuma p, q, v, x waɗanda babu su a abacadan Hausa. A Nijar haka za a yi da Faransanci.

A ƙarshen shekara, malami ya miƙa wa wanda zai karɓi ajin takardar da ke nuna matakin kowane yaro da adadin kalmomin da ya karanta a gwajin ƙarshe, hedimasta kuma ya ajiye kwafi. Da wannan takarda malamin aji na gaba zai san tun makon farko su wa zai zaunar a gaba, da harafin da zai koma kansa kafin ya buɗe sabon littafi.